Gudun Ceri a Gubbiyo: tseren da ba a wuce na gaba

Ladi: Jama'a barkanmu da warhaka. Ana ta yawo da bidiyon wani gari a Italiya, maza cikin riguna ruwan ɗorawa da shuɗi da baƙi suna sheƙa gudu da wasu dogayen katakai a kafaɗa, kowanne da ɗan mutum-mutumi a ƙololuwarsa. An rubuta wai bikin waliyyi ne. Abin da ya ɗaure mini kai, in ibada ce me ya kawo gudu? In kuma tsere ne, me ya sa babu wanda ya wuce wani? Masu sani a taimaka.

Baba Katikis: 'Yata, garin sunansa Gubbiyo, a yankin Umbriya, tsakiyar Italiya, mutanensa kimanin dubu 30 ne. Waliyyinsu Ubaldo, bishop ɗin garin ne, ya rasu ranar 16 ga Mayu 1160. Fafaroma Selestin na uku ya shigar da shi sahun waliyyai a 1192, a 1194 kuma aka hau da gawarsa kan dutsen Injino da ke bayan garin, inda take har yau cikin akwatin gilashi a babbar majami'ar da aka gina masa. Mutanen garin suna tuna shi da cewa shi ya fita ya tari sarki Faradarik Barbarosa a 1155, ya sa bai yi wa garin ɓarna ba.

Abin da kika gani ana yinsa ranar 15 ga Mayu, wato jajiberen ranar rasuwarsa. Bayanin da coci da yawancin masana tarihi suka fi karɓa shi ne, tun asali ƙungiyoyin masu sana'a ne ke kai wa waliyyin manyan kyandirori a daren jajibere. Da tafiya ta yi tafiya aka musanya kakin da katako. Kyandirorin katakon su ne Ceri, guda ɗaya kuma a ce masa Cero. Akwai masu cewa bikin ya girmi Kiristanci, ragowar wani bikin gargajiya ne na shigowar bazara, amma hujjarsu a rubuce ba ta kai ta farkon ba.

Malam Iliya Kafinta: Bari in ɗora a kan maganar Baba ta fuskar aiki, domin in ba a gane yadda aka haɗa abin ba, ba za a gane gudun ba.

Kowane Cero kashi uku ne. Akwai jikinsa, gangar katako biyu masu kusurwa takwas, ɗaya a kan ɗaya, tsakiyarsu a tsuke, cikinsu rami ne da ginshiƙi ɗaya da ya ratsa daga ƙasa har sama. Akwai gadon ɗauka, wanda suke kira barella: dogayen sanduna biyu da faffaɗan katako ya haɗa a tsakiya, siffar harafin H. Sai mutum-mutumin waliyyi da ake kafawa a sama. In an haɗa duka, tsawon yana kai mita 4 zuwa 5, nauyin kuma yana kusan kilo 300.

Gindin ginshiƙin yana shiga wani rami a tsakiyar gadon, ya fito ta ƙasa, sai a soka masa wani ƙarfe mai tsini da ake kira kaviya, a buga shi da gatari har ya kama. Wannan ƙarfe ɗaya shi ke riƙe da komai. In ya yi sako-sako, jikin zai riƙa rawa a kan gadon, kuma rawar da take ɗan yatsa ɗaya a gindi tana zama taƙi guda a sama.

Ɗanjuma: Kilo 300 kawai? Ai na ɗauka tan ne. Mutum nawa ke ɗauka?

Injiniya Dauda: Takwas ne ke sa kafaɗa a lokaci guda, huɗu a kowace sanda. Na bakin sanda gaba da baya su ne punte, na kusa da tsakiya su ne ceppi. Waɗannan takwas ɗin ake kira muta. In ka raba, kowa na ɗauke da ƙasa da kilo 40, buhun siminti ma ya fi haka. Amma wannan lissafin mai tsayuwa ne, Ɗanjuma. Mai gudu duk takun da ya yi nauyin yana dukan kafaɗarsa, kuma ba ya rabuwa daidai: a gangara yana zubowa kan na gaba, a hawa ya koma kan na baya, a kwana ya faɗa wa ɓangare ɗaya. Sannan tsakiyar nauyin tana can sama da kawunansu. Da zarar ya karkata kaɗan, ɓangaren da ya karkata gare shi zai ji nauyin ya ninku, na ɗaya ɓangaren kuma sandar ta ɗaga daga kafaɗarsu.

Shi ya sa ba su takwas kaɗai ba ne. Kowane mai ɗauka yana da mai tallafa masa da ke gudu a gefensa, ya rungume shi, ya zame masa abin dogara. A gaba tsakanin sanduna biyu akwai kapodiyeci, shi ke nuna hanya da saurin tafiya. A baya tsakanin sanduna akwai kapocinkwe, aikinsa na matuƙi ne: shi ke tura bayan gadon dama ko hagu a kwana, shi ke riƙewa a gangara.

Ladi: Na gode Injiniya. To batun rashin wucewa fa?

Baba Katikis: Jerin ba ya sauyawa. Ubaldo ne a gaba, masu rigar ruwan ɗorawa, shi ne na magina da masu sassaƙa dutse. Waliyyi Jorjo na biye, masu shuɗiyar riga, na 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Waliyyi Antoniyo na ƙarshe, masu baƙar riga, na manoma da ɗalibai. Dukansu farin wando, jan ɗamara, jan ƙyalle a wuya. A da sana'ar gidanku ce ke yanke maka launi, yanzu galibi gado ne daga uba, wani lokaci yaro ya zaɓa da kansa.

Mai biki ba a shan gabansa, 'yata. Kamar dai hawan sallah: kowane hakimi ya san gurbinsa a jeri, ba a yin rige-rige, amma 'yan kallo sun san wanda ya yi hawa mai kyau da wanda dokinsa ya ba shi kunya.

Malam Sani: Baba, da izininka. In an san na ɗaya da na uku tun kafin a tashi, ni ban ga dalilin da mutum zai yi kasadar karya ƙashin wuyansa ba. Su taka a hankali mana, su kai kyandir ɗinsu lafiya.

Injiniya Dauda: Malam Sani, akwai abin da ake aunawa, kuma a tsanake ake auna shi. Na farko, faɗuwa. Cero ya taɓa ƙasa abin kunya ne da za a yi shekara ana maimaita shi. Na biyu, karkata: ko bai faɗi ba, in ya sunkuya ya gogi bango ko mutum-mutumin ya bugi wani abu, an rubuta. Na uku, tazara. Na baya yana so ya manne wa na gaba har sandunansa su kusa taɓa bayan mutanensa, na gaba kuma yana so ya bar shi a nesa. Jorjo ne a tsaka mai wuya, yana korar Ubaldo, Antoniyo na korarsa.

Inda aka fi samun matsala wurin canjin mutane ne. Ba wanda zai iya gudu da wannan kaya mai nisa, saboda haka an yanka hanyar gunduwa-gunduwa, kowace muta da nata yanki na 'yan mitoci gommai. Ba a tsayawa a yi canji. Sabbin takwas suna jira a gefen hanya, kowa a daidai gurbinsa, Cero na isowa sai su fara gudu tare da shi, sabo ya cusa kafaɗa, tsoho ya zame ya fice gefe. Abubuwa uku ke ɓata wannan. Tsoho ya fita kafin sabo ya karɓa, sai kusurwar ta faɗa. Tsoho ya makara bai fita ba, sai ƙafafu su sarƙe, ɗaya ya faɗi a gaban na bayansa. Ko kuma a haɗa mutum biyu, dama da hagu, da tsayin kafaɗarsu bai zo ɗaya ba, sai gadon ya kwanta gefe tun daga takun farko. Shi ya sa ake tsara muta da tsayin kafaɗa, kuma mutanen muta ɗaya sukan daɗe tare a yanki ɗaya na hanya har su san kowane dutse da ke cikinsa.

Ƙara da ruwan sama. Titunan garin dutse ne, in ya jiƙe santsi gare shi, kuma ba a ɗage bikin don ruwa.

Malam Sani: Wannan bayani ya shiga. Amma har yanzu ina ganin al'ada ce ta rinjayi ibadar.

Mama Rifkatu: Malam Sani, bidiyon minti biyu ne ya sa ka ce haka. A bi ranar daga farkonta.

Shiri yana somawa ran Lahadin farko ta watan Mayu. Ceri suna kwana shekara a majami'ar kan dutse, ran nan ake sauko da su a kwance, yara ƙanana a zaune a kansu, a kai su babban zauren fadar Konsoli, tsohuwar fadar mahukunta da ke tsakiyar gari. Daren 14 ga wata ana cin busasshen kifi mai gishiri, domin bikin na jajiberen waliyyi ne, abincinsa na kifi ne ba nama ba.

Ran 15 da asuba 'yan ganga ke zagawa su tayar da shugabannin biki. Daga nan sai maƙabarta, a kai furanni ga masu ɗaukan da suka riga mu gidan gaskiya. Sai Mas, wato ibadar cocin Katolika, a ƙaramin cocin magina, inda mutum-mutumin uku suke zama duk shekara. Bayan Mas ake jefa ƙuri'a a fitar da kyaftin biyu da za su shugabanci bikin da za a yi bayan shekara biyu, kuma daga ƙungiyar magina kaɗai ake fitar da su. Sai a raba wa masu ɗauka 'yan ƙunshin furanni su ɗaura a ƙyallen wuya, a yi jerin gwano zuwa babban dandali.

Da yamma kuma, wajen ƙarfe 5, ana fito da babban mutum-mutumin Ubaldo daga babban cocin gari, a zaga da shi a hankali ana waƙoƙin yabo, bishop na biye. Inda wannan jerin ya haɗu da Ceri, a saman wata gangara, bishop ya sa musu albarka, da ƙarfe 6 sai gudu ya ɓarke. Ba a tashi sai ya sa albarkar. Washegari 16 ga wata ita ce ranar waliyyin kanta, ranar babban Mas, babu gudu babu hayaniya.

Malam Iliya Kafinta: Mama ta tsallake wurin da ya fi burge ni, tayar da Ceri, wajen tsakar rana. Ana jingine gadajen uku a tsaye a dandali. A fito da jikin Ceri a kwance daga fada, a gangaro da su ta matakala a guje cikin taro. A soka gindi a ramin gado, a buga kaviya, a kafa waliyyi a kai. Kowane kapodiyeci ya hau kan sandunan gadonsa, a miƙa masa butar tangaran mai ado, domin garin ya shahara da aikin tangaran tun ƙarni na 16. Ya zuba ruwa a mahaɗar, ya ɗaga butar ya wurga cikin jama'a, ta fashe, mutane su yi wawar gutsattsarin su kai gida. Sai ya jefa jikinsa gaba, nauyinsa ya danne sandunan ƙasa, mutane na turo jikin daga baya, Cero ya miƙe tsaye cikin ƙiftawar ido. Nan take su zaga sandar tuta da ke tsakiyar dandali a guje.

Ana cewa ruwan don katako ya kumbura ya matse ƙarfen ne. A matsayina na mai aikin katako, busasshen katako mai tauri ba ya shan ruwa ya kumbura cikin minti ɗaya. Zuwa yamma zai iya ɗan taimakawa, amma abin da ke riƙe mahaɗar shi ne bugun da aka yi wa kaviya. Ruwan ya fi kusa da al'ada.

Injiniya Dauda: Ban yarda gaba ɗaya ba, Malam Iliya. Ƙarshen katako inda aka yanke jijiyarsa yana shan ruwa da sauri fiye da gefensa, kuma ramin gado duk yankakkiyar jijiya ce. Tsakanin tayarwa da gudu akwai awa shida. Ya isa.

Malam Iliya Kafinta: Awa shida a ranar Mayu kuma ya isa ya bushe. Mu bar shi a nan.

Ɗanjuma: To me suke yi a awa shidan?

Mama Rifkatu: Kowane Cero ya kama hanyarsa, ya zaga unguwanni. Suna tsayawa a ƙofar tsofaffin masu ɗauka da marasa lafiya da gidajen da aka yi rashi, su matsa da shi kusa da taga har mai gidan ya miƙo hannu ya taɓa waliyyin. Ga mutanen garin da yawa wannan zagayen ya fi gudun nauyi a zuciya. Bayan haka a ɗora su a kan wasu turaku a wani titi, a tafi cin abinci.

Kada a manta da ƙararrawa. A hasumiyar fadar Konsoli akwai babbar ƙararrawa mai nauyin kusan tan 2, an zuba ta a 1769. Da ƙafa ake kaɗa ta: mutane na tsaye a sama suna taka katakon da take rataye a kai har ta juya bakinta sama, su riƙe ta a haka, su sake ta.

Malam Sani: Ina da tambaya, kuma don neman sani nake yi, kada a ɗauka da wata manufa. Taɓa mutum-mutumi da kai masa kyandir, a wurinku wannan ba bauta ba ce?

Baba Katikis: Tambaya ce mai kyau, Malam, kuma ba Musulmi kaɗai ke yinta ba, 'yan'uwanmu na wasu ɗariku ma suna yi mana ita. Koyarwar Katolika ta raba abu biyu: sujada ta Allah ce shi kaɗai, waliyyi kuwa girmamawa ake yi masa, a roƙe shi ya yi mana addu'a. Taron bishop-bishop na biyu da aka yi a Nikiya a 787 ya yanke cewa girmamawar da aka yi wa hoto tana wucewa ne zuwa ga wanda aka zana. Wannan ita ce koyarwar. Ko kowane saurayin da ke ihu a dandali yana riƙe da wannan bambanci a ransa, Allah ne masani. Limaman garin kansu sukan tuna wa jama'a cewa bikin na Ubaldo ne, ba na riguna ba.

Malam Sani: Na gode Baba. Mun bambanta a nan, amma na fahimci matsayinku.

Ladi: Baba, mu a nan me ya sa ba mu da irin wannan? Kowace majami'a ai tana da waliyyinta.

Baba Katikis: Muna yin ranar waliyyin majami'a, da Mas da ciye-ciye da raye-rayen ƙungiyoyi. Babban jerin gwanonmu na titi kuwa shi ne na Jikin Almasihu, wanda a Najeriya aka mayar ranar Almasihu Sarki a watan Nuwamba, saboda ainihin lokacinsa yana faɗawa cikin damina. Abin da ya bambanta Gubbiyo shi ne waliyyin ɗan garin ne, gawarsa na nan, kuma ƙungiyoyin sana'a sun riƙe abin ƙarni bayan ƙarni. Irin wannan ba a kafa shi da sanarwar Lahadi ɗaya.

Injiniya Dauda: Bari in ƙarasa hanyar, don can ne ƙarshen rigimar yake. Duka tsawonta kilomita 4 da ɗoriya, an kasa ta huɗu da hutu a tsakani. Kashi na farko yana farawa da gangara mai tsanani, nan ake sa ƙwararru. Na biyu ya bi ta ƙasan gari ya hauro ta tsofaffin unguwanni. A babban dandali magajin gari ya kaɗa farin ƙyalle daga taga, su zaga sandar tuta sau uku, su kutsa wasu lunguna masu tsananin hawa da ƙunci zuwa ƙofar ganuwa. Ƙofar gajera ce, dole a kwantar da Ceri a wuce da su, a sake tayarwa.

Daga nan dutse. Garin yana kan mita 500 da 'yan kai daga teku, majami'ar tana sama da mita 800, wato hawan kusan mita 300 a kan hanyar tsakuwa mai kwana-kwana, tsawonta kimanin kilomita ɗaya da rabi. Suna cinye ta cikin minti 10 ko ƙasa da haka. Mai tafiya a ƙafa ba kaya yakan yi rabin awa ko fiye.

A sama akwai ƙofar farfajiyar majami'a. In mutanen Ubaldo sun ba Jorjo tazarar da ta isa, suna shiga su rufe ƙofa, su kwance Cero ɗinsu a natse, sannan su buɗe wa sauran. In Jorjo ya manne musu har ya cusa sandunansa, ƙofa ba ta rufuwa, masu shuɗi sun sami abin faɗa na shekara.

Malam Sani: Ashe dai akwai mai nasara.

Mama Rifkatu: Babu kofi, babu alƙali, babu sanarwa. Kuma rufe ƙofar nan su kansu 'yan garin suna jayayya a kansa. Wasu na cewa haƙƙin mai gida ne ya shiga gidansa shi kaɗai tukuna. Wasu na cewa bai dace a rufe wa baƙi ƙofa a gidan waliyyin da aka san shi da sulhu ba. Ni ina tare da na biyun. Bayan an gama, Ceri su zauna a majami'a, a sauko da mutum-mutumin uku cikin dare da kyandirori ana waƙa, a mayar da su cocin magina.

Ɗanjuma: Wani ya rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa UNESCO ta sa shi a jerin kayan gadon duniya.

Injiniya Dauda: Ya haɗa da wasu ne. A 2013 UNESCO ta karɓi bukukuwan Italiya huɗu na manyan kayan da ake ɗauka a kafaɗa: na Nola, Palmi, Sassari da Biterbo. Gubbiyo ba ta ciki. Na Biterbo hasumiya ce mai kusan mita 30 da nauyin tan 5, mutum wajen 100 ke ɗauka ran 3 ga Satumba, kuma tafiya suke yi. Abin da Gubbiyo ke da shi, tun 1973 Ceri uku ne tambarin yankin Umbriya baki ɗaya. 'Yan garin da suka yi ƙaura zuwa Amurka ma suna yin nasu a Jessup, jihar Fensilbaniya. A 1917 kuma sojoji 'yan Gubbiyo sun sassaƙa Ceri sun yi gudun a bakin daga lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a dutsen Kol di Lana. A 2020 da 2021 annobar korona ta hana yin gudun.

Ladi: In mutum ya sami hali yana son gani da ido fa?

Mama Rifkatu: Jirgin ƙasa ba ya shiga garin. Tashar da ta fi kusa ita ce Fossato di Biko, kimanin kilomita 20, ko a taso daga Feruja a mota, kimanin kilomita 40. A nemi masauki watanni kafin Mayu. Wanda ke son ganin tayarwa ya shiga dandali da hantsi, domin kafin tsakar rana ba masaka tsinke, kuma mai ƙaramin yaro ko mai ciwon numfashi kada ya shiga tsakiya. Babu shinge tsakanin 'yan kallo da masu gudu. In kika ji ihu na matsowa ki manne da bango, kada ki tsaya a bakin kwana ta waje, kada ki tsaya a gaban mutanen da ke jiran canji don ɗaukar hoto, ture ki za su yi ba tare da neman gafara ba. Ba za ki iya ganin tashi da isowa duka ba, sai ki zaɓa. Mai son ganin rufe ƙofar majami'a ya hau dutse tun la'asar, a ƙafa ko a cikin kejin ƙarfen da ke hawa da mutane a kan igiya.

Ɗanjuma: Baƙo zai iya sa kafaɗa?

Malam Iliya Kafinta: Kusan a ce a'a. A al'ada maza 'yan gari ne ke ɗauka, kuma gurbi a muta ba a samunsa rana ɗaya. Akwai Ceri matsakaita na samari, ana gudu da su daga baya a cikin watan Mayu, akwai kuma ƙanana na yara ran 2 ga Yuni, hanya ɗaya, jeri ɗaya, har kan dutse. Yaro yana koyon shiga da fita ƙarƙashin sanda tun kayan ba su da nauyin da zai ji masa ciwo, ya hau na samari, sannan manyan muta su duba ko tsayin kafaɗarsa ya dace da wani gurbi da ya buɗe.